Shuɗin Tsoho

"Gwal na!" in ji Ɗanasabe, ya buga gindin bindigarsa a ƙasa. "Na ce muku gwal na. Wa ka ƙona buhunan gawayi hakanan don kwalba?"

La'asar ce, a bakin wani tsohon ramin haƙar zinari a dajin Maradun. Su uku ne zaune. Ɗanasabe shi ne oga, dogo, ba ya dariya sai in wani na kuka. Sai Auwalu, wanda ƙwaya ta riga ta cinye rabin hankalinsa, ko ganye ya motsa sai ya ɗana kunama. Na ukun shi ne Sadi, mai tuƙa mashin, wanda duk dajin an san ba a kamo shi in ya murɗa.

Auwalu ne ya kawo labarin. Wai akwai wani gida a bayan Birnin Tudu, can ƙasar Bakura, da wata bukka mai hayaƙi kullum. Wai har mota daga Abuja an gani a ƙofar gidan.

"Oga, na san wurin ga," in ji Sadi, yana tonon ƙasa da tsinke. "Mai narka kwalabe na. Awarwaro yaka yi da duwatsun wuya, kayan mata. Ba komi ciki, wallahi."

"Kayan mata! Motar Abuja ta biyo hanyar ga don awarwaro?" Ɗanasabe ya tofar da yawu. "Kai yaro na. Masu haƙa ka kai mai gwal shina narka musu. Kwalaben ga rufa-ido na. Kowa shi kawo wayatai."

Suka miƙa. Dokarsa ke nan, da zarar an ambaci aiki, waya ta bar hannun kowa.

Abin da Sadi bai faɗa ba shi ne, a gidan nan aka yanke masa cibiya. Mai bukkar kuwa yayansa ne, Sulaiman, uwa ɗaya uba ɗaya. A irin wannan sana'a ba ka gaya wa oga inda naka suke, don ranar da ya sani, ya sami igiyar da zai ja ka da ita. Sadi ya auna lamarin. Ba zai iya hana tafiyar ba, ba zai iya aika saƙo ba. Abu ɗaya ya rage masa, ya zaɓi ranar.

"In za a yi, a yi ranar Talata da rana tsaka," in ji shi. "Kowa ya tahi kasuwar Mafara. Garin ba kowa."

Ɗanasabe ya dube shi, ya gyaɗa kai. "Yau ka yi magana irin ta manya."

Sadi ya saki numfashi. Tun yana ƙarami bai taɓa ganin Talatar da Sulaiman ya fasa zuwa kasuwa ba. Za su tarar da gida wayam, oga ya ga tulin kwalabe, ya yi ashar, su juyo. Haka ya tsara a ransa, amma ba haka Allah ya so ba.

* * *

Ranar Talata da hantsi, Sulaiman bai tafi kasuwa ba.

Yana zaune a bukkarsa gaban murhun yumɓu, zufa na tsiyaya daga gemunsa. Matarsa Taibatu na gefe tana zuga. Fuu-fat, fuu-fat, zugazugi na numfashi, wuta na ƙara fari.

Wannan sana'a ba ta Zamfara ba ce. Kakansu Banufe ne daga unguwar Masaga ta Bida, fatauci ya kawo shi Bakura, aure ya zaunar da shi. Ya zo da hannunsa, ya kuma zo da wani curin baƙin gilashi, irin wanda mutanen da suke dafawa da kansu daga yashi da kanwa tun kafin kwalba ta shigo ƙasar. A gidan ana kiransa uwar gilashi. Mahaifinsu Ishaq, wanda 'ya'yan ke kira Tsoho, yakan ɓalli ɗan kaɗan daga jikinta, ya haɗa da dakakkun kwalabe da ƙurar tagulla, ya fitar da wani shuɗi da ba a taɓa gani ba daga nan har Sakkwato. Mata kan ajiye awarwaron Tsoho a ƙasan adaka tare da kayan gado. Irinsu ne wata mata mai tara kayan tarihi ta zo nema a motar nan ta Abuja.

To amma Tsoho ba shi da ma'auni. Idonsa ne ma'auninsa, ya kuma tafi kabari da shi. Tun daga nan Sulaiman ke bin shuɗin nan. Wani lokaci ya fito kore, wani lokaci toka-toka kamar ruwan wanki. Kowane gwaji kuwa sai an ɓalli uwar gilashi. Ta taso daga girman kabewa har ta koma girman goro. Jiya ya ɗauki ɗan goron nan, ya yi bisimilla, ya jefa shi tukunya.

Wahalar abin ita ce, gilashi in yana wuta duk ja ne, ba ya nuna launinsa. Sai ka murza shi a sandar ƙarfe, ka buɗa shi ya zama zobe, ka tura shi cikin toka mai zafi tun da sauran ja a jikinsa. Can zai kwana, ya huce a hankali. In iska mai sanyi ta buge shi, ko ruwa ya taɓa shi, sai ya tarwatse. Tun asuba Sulaiman ke binne awarwaro a toka, bai kuma ga launin ko ɗaya ba.

"Malam, yau dai ka bar kasuwa ta wuce ka," in ji Taibatu.

"Ta wuce. Wutar ga ta kai inda nika so. Kin ga bakinta? Hakanan ta Tsoho ka yi. In nit tashi yanzu, ba ni sake samun ta."

"In kuma kore yah hito?"

"Ki bar hwaɗi, Taiba."

Ta yi 'yar dariya, ta sauya hannu. "Kahwaɗata ta gaji. Da Sadi na nan, da shi ka riƙe maka zugar ga."

Su dai abin da suka sani, Sadi ya tafi haƙar zinari ya daina kira. Sulaiman ya tsoma sanda a tukunya, ya ɗago curi mai ƙuna, yana juya ta a hankali.

Sai suka ji ƙarar mashin.

* * *

Tun daga nesa Sadi ya hango hayaƙin, hannunsa ya mutu a kan totur. Murhu a kunne! Ranar Talata!

"Taka mana!" Ɗanasabe ya dungure shi ta baya. "Ka ga hayaƙi? Sun ɗora muna!"

Suka ja rawani suka rufe fuska. Auwalu ya daki ƙofar langa-langa da ƙafa — garam!

"Kwanta! Kowa shi kwanta!"

Taibatu ta kurma salati, ta faɗi rubda-ciki. Sulaiman ya tsaya da sanda a hannu, curin gilashi na walƙiya a bakinta.

"Bayin Allah, lahiya? Mi kuka so?"

"Amshe ƙarhen ga!" Ɗanasabe ya daka wa Sadi tsawa.

Sadi ya matsa, kansa a ƙasa. Ya karɓi sandar. A nan hannu ya ci amanarsa. Duk wanda ya tashi a bukkar nan ya san ba a riƙe sanda a tsaye, sai ana juya ta, in ba haka ba gilashin ya ɗiga. Yatsun Sadi suka hau murzawa da kansu, a hankali, yadda Tsoho ya koya musu da carbi a bayan hannu.

Sulaiman ya dubi yatsun. Ya ɗago ya dubi idanun da ke tsakanin rawani. Leɓensa ya motsa, amma bai kira sunan ba. Ya haɗiye shi, don ya san abin da sunan zai jawo wa mai shi.

Ɗanasabe kuwa ya leƙa bakin murhu. Ga tukunya cike da wani abu mai kauri, rawaya-ja, yana kyalli yana motsi. Ya zaro ido.

"Auwalu! Zo ka ga kwalba!" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Aradu gwal na, har ya narke!"

"Gilashi na, ɗan'uwa," in ji Sulaiman. "Na rantse maka da Allah."

"Yi man shiru! Auwalu, ɗauko bokitin can!"

Ɗanasabe a ramin haƙa ya girma. A can in an ƙona zinari, ruwa ake tsoma shi ya huce, a jefa aljihu. Abin da ya sani ke nan, shi kuwa zai yi.

"Oga, a'a!" Sadi ya yar da sanda. "Ba a—"

"Kak ka zuba ruwa!" Sulaiman ya yi tsalle. Ba ransa yake karewa ba, tukunyar yake karewa. Ya kai hannu ga bokitin, fuskarsa daidai bakin murhu.

Ruwan ya riga shi.

Bam!

Murhu ya tsage. Tururi, garwashi, yumɓu, tsinin gilashi mai wuta — duk suka watsu. Bukka ta cika da farin hayaƙi. Taibatu na ihu. Auwalu ya saki harsashi a rufin ɗaki — tau! tau! Ɗanasabe ya faɗi da baya, hannunsa ya sale, rawaninsa ya warware ya faɗi.

Sulaiman na durƙushe, tafukansa biyu a kan fuska. Jini na bi ta tsakanin yatsunsa.

"Idona... Taiba, idona!"

Ɗanasabe ya miƙe yana huci. Ya taka abin da ya daskare a ƙasa, ya ji ya ruguje a ƙarƙashin takalminsa. Gilashi. Ya juya bakin bindiga kan Sulaiman.

"Ɗan banza! Kwalba ta ƙone ni?"

Sadi ya faɗa tsakaninsu. "Oga, tsaya! Ga kayan can cikin toka! Su matar Abuja ka saye, sun hi gwal tsada wurinta. An ji harbi, mutane na tahe. Mu kwashe mu tahi!"

Bai jira amsa ba. Ya fizgi langar tuwon Taibatu, ya zubar da abin ciki, ya kwashi awarwaron da tokarsu mai zafi, ya rufe da murfi. Ya naɗe ta a rawaninsa. Yana fita ya ji muryar yayansa a bayansa, ƙasa-ƙasa, ba zagi ba, ba tsinuwa ba.

"Kak ka buɗe su... ba su huce ba."

* * *

Insfekta Mujahid na sintiri a hanyar Bakura saboda 'yan kasuwa lokacin da waya ta shigo. Wani manomi ne ya kira. Harbi a gidan mai awarwaro, mashin biyu, sun yi gabas ta cikin gonakin rani.

"Maradun za su," in ji Insfekta. "Dole su ƙetare magudanar ruwan Bakolori. Direba, yanke ta gada!"

Motar ta yi kwana, ƙura ta tashi.

Su Ɗanasabe sun ji jiniya kafin su kai gadar. Suka kashe mashinan, suka tura su cikin gonar rake, suka kwanta a bakin magudana. Ta tsakanin karan rake suna hango motar ta tsaya. 'Yan sanda suka diro, suna dube-dube. Ba su ga komai ba. Da an ƙara ɗan jimawa, da sun wuce.

Ɗanasabe na ɗaure hannunsa da tsumma, yana cije baki.

"Matar ga ta ga huskata," ya yi raɗa. "In sunka wuce, komawa za mu yi. Ita da makahon duka. Ba ni barin shaida."

"Oga, an gama da su ai. Mi ar ribar—"

"Kai ka kai mu. Ka san hanya."

Sadi ya san Ɗanasabe, bai taɓa cewa zai yi abu ya fasa ba. Ba shi da bindiga, direba ba ya riƙe ƙarfe. In ya yi ihu, harsashi zai riga muryarsa fita. Langar ce kawai a hannunsa, tana ƙona masa ciki ta cikin rawani.

Ya dubi langar. Ya dubi ruwan magudana, mai sanyi, yana gudu dab da gwiwarsa. Ya dubi Auwalu, wanda yatsansa ke kan kunama.

Ya san abin da ke cikin langar nan. Ya ga babu uwar gilashi a ramin bango inda take zama, ya kuma san abin da zai hana yayansa kasuwa. Shekarun Sulaiman ne a ciki, da hannun Tsoho, da guzurin kakansu. In ya bar su a rufe har gobe, za su rayu. Hawaye ya cika masa ido har ya daina ganin raken.

Ya zame murfin. Ya tura langar cikin ruwa.

Tas!

Auwalu ya zabura.

Tas! Tas-tas! Ƙal! Kamar ana harbin kwano da tsakuwa, dab da kunnensa.

"Sun gan mu! Sun gan mu!" Auwalu ya miƙe tsaye ya buɗe wuta — ratatata!

"Kwanta, mahaukaci!"

Ina! 'Yan sanda sun riga sun juyo. Harsashi ya shiga yanka rake. Auwalu ya yi baya, ya faɗa magudana, bai sake motsi ba. Ɗanasabe ya waiga, ya ga langar a ruwa, ya ga fuskar Sadi. Ya gane.

"Kai! Kai munahuki!"

Tau! Sadi ya ji cinyarsa ta ɗauki wuta. Ɗanasabe ya ruga cikin rake, yana harbi ta baya. Bai yi nisa ba. Aka ji ƙara ɗaya daga bakin gada, raken ya daina motsi.

Da Insfekta Mujahid ya iso, ya tarar da saurayi kwance cikin jini, bai ko ɗaga hannu ba. Saurayin ya jawo wata langa bakin ruwa, yana kallon cikinta yana kuka kamar yaron da aka yaye. Ruwa ya wanke tokar tas.

* * *

Bayan kwanaki aka kai Sadi asibitin da aka kwantar da Sulaiman a Talata Mafara, da ankwa a hannu, yana jan ƙafa. Doka ta ce sai wanda aka yi wa fashi ya shaida. Likita ya riga ya gaya wa Taibatu gaskiya, idanun biyu sun tafi.

Sulaiman na zaune a gado, kansa naɗe da farin bandeji. Taibatu ta ga wanda aka shigo da shi, ta toshe bakinta da mayafi, ta juya wa bango fuska.

"Malam Sulaiman, sannu da jiki," in ji Insfekta. "Ya ƙarfin jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Ga ɗayansu mun kawo. Zai yi magana, ka gaya mana ko ka san muryar."

Sadi ya buɗe baki, amma Sulaiman ya riga shi.

"Ranka shi daɗe, ba sai ya yi magana ba," in ji Sulaiman. "Ban san shi ba. Waɗanda sunka zo, ba wanda nis sani."

Ƙarya ce, kowa a ɗakin ya san ƙarya ce, kuma ita ce ta karya Sadi. Ya zube a gaban gadon, ankwa na ƙara.

"Yaya, ni na! Ni nik kawo su! Na zaɓi Talata don na ɗauka kana kasuwa. Wallahi na ɗauka kana kasuwa!"

Sulaiman ya miƙa hannu. Sannan ya lalubo kan ƙanensa, ya dafa.

"Wawa," in ji shi a hankali. "Ina ƙoƙarin in hisshe ka, kana maida kanka."

Insfekta ya kau da kai. Ya ga gawa da yawa a aikin nan, amma wannan ɗakin ya fi masa nauyi. Mutum biyu ne a duk ƙasar Bakura suka iya juya sandar nan. Ɗaya ba zai sake ganin wuta ba, ɗaya kuma kotu ke jiransa, kuma kowa ya san abin da ake yanke wa ɗan fashi da makami.

"Sadi."

"Na'am, Yaya."

"Ka buɗe su?"

"Na buɗe. Ni nis sa su ruwa da hannuna. Cewa yay yi za shi dawo shi kashe ku."

"Ko guda bai tsira ba?"

"Ko guda."

Sulaiman ya gyaɗa kai. Ya matso da fuskarsa, muryarsa ta koma ta mai roƙo.

"To... wane launi yah hito? Kak ka yi man ƙarya don ka ji tausaina. Kore na?"

"Ba kore ba ne, Yaya." Kuka ya ci ƙarfin Sadi. "Shi na. Shuɗin Tsoho na, sak. Irin na hannun Innarmu, da anka binne ta ba a cire ba. Ka same shi, Yaya. Ka same shi."

Taibatu ta fashe da kuka a jikin bango.

Insfekta Mujahid ya sa hannu a aljihu. Ya ɗauko ɓallin awarwaro guda daga cikin kayan shaida, abin da bai kamata ya yi ba, ya sa a tafin Sulaiman. Sannan ya kama kafaɗar Sadi ya ɗaga shi, suka nufi ƙofa.

Sadi ya waiga sau ɗaya. Yayansa ya ɗaga ɓallin gilashin sama, daidai inda idonsa yake a da, yana juya shi a hankali.

"Taiba," in ji shi, "ina taga take? Juya ni wajen haske."